TAKWARAN KWAMANDA

Shafi na 31

Ku da kuka cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, wai na tsani Yazid shi ya sa nake wahalar da shi, to ku ji da kyau, ban tsane shi ba. Ni kaina da nake rubuta shafin nan sau biyu ina ajiye wayar in sha ruwa. Wadda ta san zuciyarta ba ƙwari ta nemi wuri ta zauna tukuna.

*

Yau kwana bakwai da haihuwar Fadila, safiyar suna.

Gidan mahaifinta Kwamanda Aminu da ke Dogon Dutsi, inda ta zo wankan jego, ya cika tun bayan sallar asuba. Har da motoci biyu na matuƙa jirgin sama daga Yamai, abin da ba wanda ya zata, don wata takwas ke nan sindikarsu, wato ƙungiyarsu ta ƙwadago, ta rabe biyu, ko gaisuwa ba a yi. Manya suna so a ɗaga shekarun ritaya daga sittin da biyar zuwa sittin da bakwai, kuma Kwamanda ne a gabansu. Matasa sun ce ko kwana ɗaya ba za a ƙara ba, tunda kujerar hagu, ta mai jan ragamar jirgi, ba ta samuwa sai wani ya tashi daga kanta.

Yazid, mijin Fadila, shi ne sakataren sindikar. Shekara tara yana zaune a kujerar dama, kuma sunansa ne na farko a layin masu jiran ta hagu. Surukinsa ta can, abokansa ta nan. Bawan Allah har ya rame.

Da sallama ya ɗaga labulen ɗakin mai jego, farar shaddarsa sai ƙamshi take. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo Hamsatu, yayar Kwamanda, wadda ta zo daga Dumega don yi wa Fadila wanka. Tsohuwar na zaune a tabarma, jinjirin a cinyarta.

"Ango na suna," in ji Fadila tana murmushi. "Kai da ake jira a waje, me ya kawo ka?"

"So nake ki ji a bakina kafin ki ji a bakin sanƙira."

"To ina ji."

"Sunan Baba na sa masa. Aminu."

Fadila ta dafe ƙirji. Wallahi daɗi ne ya kama ta har hawaye ya zubo. Wata takwas tana kwana da fargabar rigimar nan za ta shigo mata gida.

"Abdul'aziz zai ce ka sayar da su," ta ce.

Abdul'aziz shi ne madugun matasan, mutum ne da in ya riƙe magana ba ya saki.

"Ya faɗa," Yazid ya ce. "Sindika daban, gida daban. Ga shi can ma a ƙofar gida yana cin dabinonmu."

"Wane Aminu?"

Gwaggo ce ta yi maganar. Ta daina jijjiga yaron.

Fadila ta yi dariya. "Gwaggo ke nan. Ƙanenki mana. Baba."

"Ƙanena Gado."

"E, Gadon naki. Ke kaɗai ke kiransa da laƙabin nan."

"Sunan yankan Gado Is'haƙa," tsohuwar ta ce. "In takwara kuke so ku yi mai, ku sa Is'haƙa. Amma wanga yaro ba a sa mai Aminu ina raye."

Yazid ya dubi Fadila. Fadila ta dubi Yazid.

"Gwaggo, ko ba ki yi barci sosai ba?"

"Ke, kar ki maishe ni taɓaɓɓiya. Ni na goyi Aminu, ni na riƙe ƙafarsa da numfashi ya ƙare. Ƙyanda ta kashe shi, shina ɗan shekara bakwai. Kabarinsa na nan gabas da Dumega, in kuna so in kai ku."

Daga waje ana jiyo kukan rago da hayaniyar masu shimfiɗa tabarmi.

Fadila ta ji sanyi ya taso mata tun daga tafin ƙafa, ita da ke kusa da garwashi.

"To... to Baba fa?"

"Gado ne, na ce miki! Masu lakkwal, makarantar boko, sunka zo ƙauye sunka rubuta yara, sunan Aminu ya hau takarda. Saura kwana shida a zo ɗaukarsu ya rasu. Maigari ya ce ƙidaya sai ta cika, gidan da anka rubuta shi zai ba da yaro. Babanmu ya rasa yadda zai yi. Ga Gado ɗan tsurut, ba jiki. Sai anka ce mai, daga yau in an kira Aminu ka amsa."

Yazid ya zame daga durƙuso ya zauna daɓas a ƙasa.

"Gwaggo," muryarsa ta yi ƙasa, "tsakanin Gado da Aminu shekara nawa?"

"Yazid, bari," in ji Fadila.

"Shekara nawa, Gwaggo?"

"Ni na san lissafinku? Daminar da anka jefa ƙuri'ar Nasara, wadda anka ce wi ko no, e ko a'a, ita anka haifi Gado. Aminu kuwa sai da anka ɗaga tutar ƙasa da damina biyu."

Yazid bai buƙaci biro ba. Duk ɗan lakkwal ya san shekarar ƙuri'ar nan, hamsin da takwas. Takardun Kwamanda kuwa, waɗanda shi Yazid da hannunsa ya jera su a fayil ɗin sindika, sittin da biyu suka ce.

Leɓensa ya motsa ba sauti. Sannan ya ce, "Sittin da bakwai."

"Me?"

"Baba shekararsa sittin da bakwai, Fadila. Ba sittin da uku ba. Shekara biyu ke nan da ya wuce iyaka. Shekara biyu yana tashi da mutane."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ka rage murya."

Ba Fadila ce ta faɗa ba. Daga bakin ƙofa maganar ta fito.

Kwamanda ne tsaye, hannu ɗaya riƙe da labule. Ya zo neman Yazid don liman na jira, ya tarar da wannan. Ku da kuka san shi tun shafin farko kun san mutum ne da ko injin jirgi ya mutu a sama muryarsa ba ta canzawa. To yau ta canza.

Ya shigo. Tunda aka ɗaura auren nan bai taɓa zama ɗaki ɗaya da surukinsa a cikin gida ba, kunya ba ta bari. Yau ya ja ƙofa ya rufe.

"Yaya," ya ce wa Gwaggo, "kin yi wa Baba rantsuwa."

"Na yi. Na rantse ba ni faɗa wa masu lakkwal, kuma ban faɗa ba. Ban rantse in zura ido a ɗora wa jinjiri sunan nan ba."

"Suna ne kawai."

"Suna ne kawai? Yaron nan ko sadakar uku ba a yi mai da sunansa ba, don kar a ji. Anka rufe shi shiru, anka hana inna kuka a fili. Sunan bai kwanta ba, Gado. Kai ka ɗauka, Allah ya tsare ka. Wanga ɗan kwana bakwai ina ya ga ƙarfin ɗauka?"

Ta ƙanƙame yaron. Idonta ya cika. Tsoro ne tsagwaronsa a fuskar tsohuwar nan, ba rigima ba.

Fadila ta sauko daga gado da rarrafe.

"Baba, ka ce ƙarya ne. Don Allah ka ce ta manta ne."

Bai dube ta ba.

"Shekarata goma sha ɗaya," ya ce. "Ranar farko malam ya kira Aminu Iro sau uku ban amsa ba, na zata ƙanena ake nema. Sai da ya zabga min bulala. Tun daga ranar ban sake mantawa ba."

"Ka gyara mana daga baya, Baba."

"A ina? Satifiket da sunan. Bak, takardar gama sakandare, da sunan. Makarantar tuƙi, lisans, fasfo, takardar aurena da uwarki, takardar haihuwarki ke kanki. Wace zan ciro sauran su tsaya?"

Fadila ta toshe baki. Sunanta ma ashe na mamaci ne a jiki.

Yazid dai kansa na ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya yi jajir.

"Baba, ka gafarce ni, zan yi magana."

"Yi."

"Ran Lahadi ni da kai za mu tashi. Mutum ɗari da tamanin."

"Na sani."

"Doka ta ce sittin da biyar."

"Likita ya duba ni watan jiya. Zuciya, ido, kunne, komai lafiya. Wanne a cikin yaranku ya fi ni saukar da jirgi cikin hadari?"

"Babu. Wallahi babu. Amma likitan ɗan sittin da uku ya duba, Baba."



"In wani abu ya faru," Yazid ya ci gaba, "ko taya ce ta fashe, za a tono komai. Ba za a ce ƙaddara ba. Za a ce takardar bogi. Za a rufe ka. Ni kuma za a tambaye ni, sakatare, surukinsa, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Sai ka ce ba ka sani ba."

"Da, da na faɗa da gaskiyata. Yanzu na sani."

"Yazid!" Fadila ta kama gefen rigarsa. "Me kake nufi? Tona shi za ka yi?"

"Ban ce ba."

"To me ka ce?"

"Ban sani ba, Fadila! Ban sani ba!"

Jinjirin ya firgita ya tsala kuka. Gwaggo ta miƙe da shi tana jijjigawa, tana zagaya ɗaki.

Kwamanda ya yi wani murmushi mai ciwo.

"In na tashi, wa zai hau kujerar?"

Yazid ya kau da kai.

"Na ce wa ke kan layi?"

"Ni ne."

"To ka gani. Ka faɗa, ka samu kujerarka, duniya ta ce ka sayar da uban matarka a kan kujera. Ka yi shiru, ranar da ta fashe mu tafi tare. Ni na jefa ka a wannan, ɗana. Ka yafe min."

Jama'a, Kwamanda Aminu ne fa yake ce wa yaron da ya koya wa tuƙi ya yafe masa. Ni dai a nan na fara ajiye waya.

Yazid ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Me ya sa ka shiga gaba a rigimar nan, Baba? Me ya sa? Da ka yi shiru ka cika shekara biyunka ka tafi, wa zai duba? Yanzu Abdul'aziz ya rantse sai an binciki fayil ɗin kowane babba, ɗaya bayan ɗaya. Har ƙauyukanku ya ce zai aika."

"Tsoro," in ji Kwamanda.

"Tsoron me?"

"Na ce in aka mayar da ita sittin da bakwai, ko ba komai ranar da zan tsaya gaban Allah shekarun da na ci na haram sun ragu. Wauta ce, na sani. Kuma ina tsoron ranar da zan sauka. A sama ba wanda ke kirana da suna, Kwamanda ake cewa. In na dawo gida na zauna, wane ne ni? Aminu yana Dumega a kwance. Is'haƙa kuwa ko takarda ɗaya ba shi da ita a duniya."

Fadila ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Rabonta da taɓa jikin mahaifinta tun tana firamare.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Dukansu suka daskare.

"Yazid! Kana ciki?"

Muryar Abdul'aziz ce, daga tsakar gida. Ya saba shiga gidan tun suna ɗalibai, ba mai hana shi.

Yazid ya goge fuska da hannun riga. "Ina zuwa!"

"Liman ya ce rana na yi, mu kuma hanyar Yamai na jiranmu. Ko Kwamanda ya riƙe ka ne kuna taron sirri?" Ya yi dariya. "On vous attend, ana jiranku, ango."

Suka ji takunsa yana komawa.

Fadila ta matso, tana magana ƙasa-ƙasa da sauri.

"Ku saurare ni. Yau dai a rufe. A canza sunan. Ba Aminu, ba Is'haƙa. A sa masa Sharif, sunan kakanka, Yazid. Gwaggo ta huta, baƙi su ci su tafi. Gobe Baba ya ce ba shi da lafiya, kar ya tashi ran Lahadi. Daga nan ya rubuta takarda ya ajiye aiki da kansa, da mutuncinsa. Ba wanda zai binciki wanda ya riga ya tafi."

Kwamanda ya dube ta.

"In ajiye," ya ce a hankali.

"Ka ajiye, Baba. Don Allah. Don yaron nan."

Ya sauke numfashi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, furfurar da kullum yake aske ta ƙwal ta ɗan tsiro.

"Shekara arba'in da ɗaya ina sama," ya ce. "To. Na ajiye."

"Alhamdu lillahi," Fadila ta ce. "Yazid, tashi maza ka gaya wa liman Sharif."

Yazid bai tashi ba.

"Yazid?"

Fuskarsa ta canza. Ya shafa aljihun gaba, ya shafa na gefe.

"Takardar," ya ce.

"Wace takarda?"

"Wadda na rubuta sunan. Na ba kawuna ita tun a masallaci. Na ce in na daɗe a ciki ya miƙa wa liman kawai, kar a tsayar da mutane."

"La'ilaha illallahu! Tashi! Gudu!"

Ya zabura, babbar riga na harɗe shi. Hannunsa na kan ƙofa ke nan suka ji hayaniyar waje ta ɗauke ɗif. Sai muryar liman, sai amsawar maza da yawa a tare.

Fatiha ake shafawa.

Sannan sanƙira ya ɗaga muryar nan tasa da ake ji har bakin kwalta.

"Jama'a a saurara! Yaro ya ci suna Aminu! Aminu ɗan Yazid! Takwaran kakansa Kwamanda Aminu Iro, mai tuƙa jirgin sama! Allah ya raya Aminu!"

Guɗa ta tashi a tsakar gida.

Kwamanda ya runtse ido. Fadila ta ce, "Shi ke nan, an riga an yi, mu lallashi Gwaggo kawai, mu ce mata za a..."

Ta juya.

Tabarmar ba kowa. Ƙaramar ƙofar da ke fita bayan ɗaki, inda ake dafa ruwan wanka, a buɗe take.

Ba Gwaggo. Ba jinjiri.

"Ina take? Baba, ina ɗana?"

Fadila ta manta ita mai jego ce, ta manta ba mayafi a kanta. Ta fita da gudu ba takalmi, Yazid na bayanta, Kwamanda na bayansu. Mata suna ta guɗa suna kama ta, ta fizge. Ta ratsa tsakar gida ta faɗa zaure.

Ta makara.

Gwaggo Hamsatu tana tsaye a ƙofar gida, a tsakiyar maza, inda mace ba ta tsayawa ranar suna. Jinjirin na ƙirjinta. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga matuƙa jirgi goma sha biyu a jere a kujerun gaba, manya a dama, matasa a hagu. Jinin rago ko bushewa bai yi ba.

"A warware!" take faɗa. "Malam, don girman Allah a warware sunan nan! Aminu Iro ya rasu tun shina ɗan shekara bakwai, ni na riƙe shi! Kar ku sa wa jikana sunan mamacin da ba a yi wa sadaka ba!"

Ba wanda ya motsa. Sanƙira ya bar baki buɗe.

Wani dattijo ya ce, "Tsufa ne, a shigar da ita ciki."

Yazid ya yi sauri zai kama hannunta. "E, tsufa ne, Gwaggo zo mu..."

"Dakata, sakatare."

Abdul'aziz ne. Ya ajiye dabinon da ke hannunsa a kan kujera. Ya taso a natse, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa a gaban tsohuwar, da ladabin da Fadila ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Ya ɗaga ido ya dubi Kwamanda, wanda ke tsaye a bakin zaure da hula a hannu. Sannan ya mayar da ido kan Gwaggo.

"Inna, sannu. Ba wanda zai taɓa ki. In Aminu Iro ya rasu, wannan bawan Allah da muke tashi da shi, wane ne?"